Na je ƙara mata ƙarfi, na ƙare da rage mata gudu

Ranar da Kawu ya kira ni in zo in ɗauki tsohuwar kwamfutarsa, ba kyauta ce a ransa ba, wuri yake nema. "Ka ɗauke ta ko ta tafi bola," in ji shi. Na ce, "Kawu, tana tashi kuwa?" Ya ce rabonsa da kunna ta ya manta, amma lafiya lau ya kashe ta. Na rungumo akwatin, fari ne a da, yanzu ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, nauyi kamar an cika shi da duwatsu. A kan irin wannan akwatin na fara buga wasan Doom ina yaro, kuma tun kafin in kai ta gida na gama tsara abin da zan yi mata: in cika ta da ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da take aiki da ita, in sa mata babban faifan ajiya, in canza furosesa, wato ƙwaƙwalwarta, ta zama irin kwamfutar da muke mafarki a wancan lokacin ba mu samu ba.

Da na kwance murfin, abin da na gani ya faranta mini rai. Furosesar Pentium II ce mai gudun megahaz 350, irin wadda take tsaye a ramin Slot 1 kamar kaset. Madabod ɗin, wato babban allon da ake jona komai a kansa, na Intel 440BX ne, wanda ya fito a 1998, kuma masu harkar tsofaffin kwamfutoci suna ji da shi saboda dalili guda: ya haɗa zamani biyu. Yana da ramin AGP na katin hoto, da ramukan PCI, sannan can ƙasa ga baƙaƙen ramukan ISA dogaye, waɗanda katin sautin wasannin DOS, tsarin da ya gabaci Windows, yake bukata. Ram megabayit 64 ne, faifan ajiya gigabayit 4 da 'yan kai. Ƙura kuwa ta yi kauri har fankar furosesa ba ta juyawa sai an tura ta da yatsa.

Ban kunna ta a ranar ba, kuma wannan ne kaɗai abin hankalin da na yi a makon farko. Na share ƙurar da buroshi, na cire akwatin wuta na gwada shi shi kaɗai da mita. Layin bolt 12 daidai, layin bolt 5 yana rawa. Ban buɗe cikinsa ba, domin akwatin wuta da tsohuwar monita mai ƙeya suna riƙe caji ko an cire su daga soket, ba wurin koyon gyara ba ne. Na nemi sabo. A nan na fara koyon cewa sabo ba lallai ya dace da tsohuwa ba: kwamfutocin yanzu daga layin bolt 12 suke shan yawancin wutarsu, na wancan zamanin kuwa daga bolt 5 da 3.3. Don haka ba yawan wat ɗin da aka rubuta da manyan baƙaƙe ake dubawa ba, ƙaramin jadawalin da ke gefen akwatin ake karantawa. Akwai kuma farar waya ta bolt 5 na ƙasa da sifili da aka daina sakawa a sababbin akwatuna, wadda wasu tsofaffin katunan sauti ba sa aiki sai da ita. Nawa katin bai nema ba, na tsira.

Na danna maɓalli. Fanka ta juya, fitila ta kama, allo baƙi ƙirin, sai ƙara mai tsawo daga ƙaramar sifikar ciki, ta tsaya, ta sake, ta tsaya, ta sake. Wannan kukan na ram ne. Na cire sandar, na goge haƙoranta na zinare da robar goge fensir, na mayar na danna har kunnuwan ramin suka ce ƙas. Sai ƙara ɗaya gajere, allo ya kawo, ta fara ƙirga ram. Ta tsaya a kan "CMOS checksum error", wato batirin da ke riƙe agogo da saitin BIOS, firogiram ɗin da ke tada kwamfuta, ya mutu. CR2032 ne, irin mai faɗin kwabo, minti biyu aikinsa. Da a ce tsohuwar kwamfuta mai furosesa 386 ko 486 ce mai batir kamar ganga da aka like a jikin bod, da wani labarin ake yi, domin irinsa yana tsiyaya ya cinye layukan tagulla.

Daga nan na shiga abin da ya kawo ni, wato ƙari. Na samo sandunan ram biyu na megabayit 256 kowanne, na saka, ta ƙirga 256 gaba ɗaya maimakon 512. Na ɗauka ɗaya ce ta mutu. Na gwada su ɗai-ɗai, kowacce 128 take nunawa. Kwana biyu ina zargin ramukan, ashe sandunan ne suka fi ta wayewa: masu ƙwayoyi takwas ne a gefe ɗaya, kowace ƙwaya da girma, shi kuwa 440BX rabin irin wannan yake gani. Sandar 256 da yake karɓa cikakkiya ita ce mai ƙwayoyi 16, takwas a kowane gefe. Na sake nema, na samu uku, na cika ramukan duka. Megabayit 768. Na zauna ina kallon lambar a allo ina jin kaina.

Faifan ajiya ma haka. Na ɗaura mai gigabayit 80, BIOS ya tsaya cak wajen gano shi, ko maɓallin shiga saiti ya daina amsawa. BIOS da yawa na wancan lokacin ba sa tsallake gigabayit 32 da ɗoriya, shi ya sa faifan da aka yi a shekarun baya kaɗan suke zuwa da jamfa ta musamman, ba rigar ba, ɗan ƙaramin baƙin maɗauri da ake sawa a kan fil biyu, wadda take sa faifan ya yi ƙaryar cewa shi 32 ne. Ko an tsallake wannan, akwai wani shingen a gigabayit 137, wanda ya samo asali daga lissafin adireshi mai bit 28, kuma Windows 98 ba ta san abin da ke bayansa ba. Na duba wasannin da nake son sakawa, na ga duka ba su cika gigabayit 10 ba. Me zan yi da 80? Na koma ga katin CompactFlash na gigabayit 16 da ɗan adafta. Katin da ma yaren IDE na faifan ajiya yake ji, adaftan ba ya fassara komai, fil kawai yake haɗawa da fil. Ba ƙara, ba zafi, kuma in ina son zuba wasa sai in zare katin in sa a kwamfutar yanzu. Wannan ya fi mini komai amfani, tunda Windows 98 ba ta gane filashin USB sai an nemo mata direba, wato firogiram ɗin da ke haɗa ta da na'urar.

Dabara ɗaya da zan ba duk mai shirin wannan aikin: bayan FDISK da FORMAT, wato raba faifan da shirya shi, ya kwafe jakar WIN98 daga faifan CD zuwa cikin faifan ajiya, ya yi SETUP daga can. In ba haka ba, duk sanda ka taɓa wani saiti sai ta ce a kawo CD, wani lokacin ma a daidai lokacin da ita kanta ba ta ganin na'urar CD ɗin.

Windows 98 SE ta hau. Na buɗe tagar DOS, sai ta ce ba isasshen ram. Na yi dariya ni kaɗai. Megabayit 768, ta ce bai isa ba! Na sake kunnawa, haka. Abin da ke faruwa shi ne, akwai wani sashe mai suna VCACHE da yake ware wa kansa adireshi gwargwadon yawan ram ɗin da ya gani, daga wani yanki mai iyaka da sauran sassan tsarin suke rabawa, har da katin hoto na AGP da tagogin DOS. In ram ya wuce 512, sai ya kwashe wurin ya bar sauran a tsaye. Maganin layi ɗaya ne a fayil ɗin SYSTEM.INI, a ƙarƙashin sashen vcache, a rubuta MaxFileCache=524288 ko ƙasa da haka. Na rubuta, ta daidaita. Amma na zauna na tambayi kaina, wane wasa ne na 1998 yake neman ko da 128? Babu. Na cire sanduna biyu na bar ɗaya. Garin neman ƙiba na kusa samo rama.

Katin hoto shi ne ƙarin da ban yi nadamarsa ba. Voodoo3 3000 na kamfanin 3dfx, fitowar 1999, mai megabayit 16. Dalilin zaɓensa Glide ne, hanyar zanen da kamfanin ya ƙirƙira, wadda wasanni da yawa na tsakanin 1996 da 2000 suka fi kyau a kanta. Kamfanin bai daɗe ba bayan nan, a ƙarshen 2000 Nvidia ta saye kadarorinsa, shi ya sa katunan suka zama abin nema. Sai dai a kula da ramin: AGP na 440BX bolt 3.3 ne, katunan da suka zo daga baya da yawa 1.5 suke so, kuma tsagar da ke haƙoran katin ita ce take nuna wanne ne. Na sauke direban tsohon katin, na mayar da Windows kan VGA na gama-gari, na kashe, na canza, na ɗora sabon direba. Da wasan Unreal ya buɗe, kyamara tana shawagi a kan gadar gidan sarautar nan, hasken wuta yana sheƙi a kan dutse, na kai minti biyar ban taɓa kibod ba.

A cikin wannan daɗin ne ta fara abin da ya fi ba ni wahala. Minti ashirin, wani lokacin arba'in, sai ta mutu ta sake tashi da kanta. Ba saƙo, ba shuɗin allo. A kan tebur ɗin Windows kuwa sai ta yini ba ta yi ba. Na zargi katin hoto, domin ƙarfen sanyayarsa ba fanka kuma yana zafin da ba ka iya barin yatsa a kai. Na ɗaura masa fanka. Ta ci gaba. Na zargi ram, na bar Memtest86, firogiram ɗin gwajin ram, yana zagaye dare guda, ko kuskure ɗaya. Na zargi direba, na canza uku. Na sake ɗora Windows daga farko. Kuskurena a nan shi ne ina canza abu biyu uku a lokaci guda, in ta yi kwana ɗaya lafiya ban san wanne ya yi aiki ba, in ta dawo ban san wanne zan mayar ba. Sai da na ɗauko littafi na fara rubuta kwanan wata, abin da na taɓa, da minti nawa ta yi kafin ta faɗi, sannan na ga zaren: ba ruwanta da wane wasa ne, duk abin da ya sa furosesa aiki sosai yana kayar da ita, kuma ta fi saurin faɗuwa in ta riga ta ɗumama.

Na kai ta wurin wani dattijo da na sani, wanda ya fara da gyaran rediyo tun kafin a haife ni. Bai ko kunna ta ba. Ya cire furosesar, ya haska tocila a gindin ramin, ya ce, "Yaro, zo ka gani." Kafasitoci ne a jere, guda shida, kan uku daga ciki ya kumbura kamar an hura, ɗaya har da ɓawon ruwan ƙasa a samansa. Furosesar ce ta rufe su, ni kuma ban taɓa cire ta ba. Na ce, "Baba, ashe abin a gabana yake." Ya ce, "Kai kana kallon allo, ciwon yana ƙasa." Aikinsu shi ne tace wutar da ke shiga furosesa, in sun bushe sai wutar ta riƙa tangaɗi duk sanda aka ja ta da ƙarfi. Kayan lantarki na ƙarshen shekarun 1990 zuwa tsakiyar shekarun 2000 sun yi ƙaurin suna da wannan ciwon, ga kuma tsufa.

Shi ya nuna mini a kan biyu, na yi huɗun da hannuna. Ƙa'idar ba ta da yawa: adadin maikirofarad ɗaya da na tsohon, bolt daidai ko sama, irin masu jure zafin digiri 105 waɗanda aka yi don wannan aikin, kuma a kula da farin layin da ke gefe, shi ne ƙafar negatif, in aka juya ta fashewa take yi. Wahalar tana wajen cirewa. Madabod hawa-hawa ne, akwai shimfiɗar tagulla a ciki da take shanye zafi, sai ka ɗora ƙarfe dalma ta ƙi narkewa. Baba ya ce in ƙara sabuwar dalma a kan tsohuwar tukuna, kada in ja da ƙarfi, in na ja zan taho da bututun ramin. Duka shidan muka canza, har da ukun da ba su nuna komai ba, domin tare aka haife su. Tun ranar ba ta sake faɗuwa ba.

Da ta samu lafiya sai na ɗora mata Pentium III mai megahaz 500, irin na farko da ake kira Katmai, wanda yake shan bolt 2 kamar wadda na cire. Na bar na bayansa, Coppermine, domin wutarsa ta yi ƙasa da abin da bod da yawa na farkon 440BX suke iya bayarwa. Wannan karon sai da na karanta kafin in saya.

Saura sauti, kuma a nan ne DOS ya tuna mini ko shi wane ne. Katin Sound Blaster 16 ne na ISA, mai ƙwayar Yamaha OPL3, wadda ita ce muryar kiɗan wasannin farkon shekarun 1990. Na sa jamfofinsa a adireshi 220, IRQ 5, DMA 1 da 5, wato lambobin hanyoyin da katin zai riƙa magana da kwamfuta, na rubuta SET BLASTER=A220 I5 D1 H5 T6 a AUTOEXEC.BAT, fayil ɗin da DOS yake karantawa yayin tashi. Na buɗe wasa: kiɗa yana tashi raɗau, amma harbin farko sai ya yanke a tsakiya, daga nan shiru. Wannan rabuwar ita ta nuna mini hanya. Kiɗan OPL3 ba ya bukatar IRQ, ta adireshi 388 kawai ake aika masa umarni. Sautin da aka naɗa, harbi da ihu da buɗe ƙofa, shi ne yake jiran katin ya ɗaga hannu ta layin IRQ ya ce na gama wannan guntun, a ƙaro. Layukan nan 16 ne kacal a kwamfutar, kuma BIOS bai san da katina ba tunda na jamfa ne, ba ya gabatar da kansa. Sai ya ɗauki 5 ya ba wa katin intanet da ke ramin PCI. Na shiga shafin PNP/PCI na BIOS, na mayar da rabon hannu, na sa IRQ 5 da DMA 1 da 5 a kan Legacy ISA. Bindiga ta yi magana. Katin intanet ɗin ma daga baya na cire shi gaba ɗaya, ba inda za ta je.

Sai kuma tsohon shingen kilobayit 640. Ya samo asali tun daga IBM PC na 1981, wanda furosesarsa megabayit ɗaya kawai take iya gani, aka ba firogiram 640 aka ware sauran 384 don katin hoto da BIOS. Ko kana da megabayit 256, wasan DOS na da can wannan ɗan filin yake dubawa. Direban CD da abokin aikinsa MSCDEX da na linzami sun cinye mini har ya rage ƙasa da abin da wasu wasannin suke nema. Na sa HIMEM.SYS da EMM386, masu buɗe ram ɗin da ke sama da 640, na rubuta DOS=HIGH,UMB, na tura direbobin sama da DEVICEHIGH da LH, na canza direban linzami zuwa CuteMouse da ba ya cin komai, ina duba MEM /C bayan kowane canji har na haura 600. Amma wani wasan yana son EMS, irin ƙarin ram da EMM386 yake samarwa, wani kuma ba ya shiri da EMM386 sam. Ƙarshenta na yi jerin zaɓi mai hanya uku a CONFIG.SYS, fayil ɗin saitin DOS, in na kunna ta sai ta tambaye ni wacce.

Abin dariyar yana ƙarshe. Na buɗe wani wasa na 1994 da nake ɗoki, ya fito da "Runtime error 200" ya koma. Wasanni da dama da aka rubuta da wani sanannen kayan rubuta firogiram na lokacin suna auna gudun furosesa yayin tashi, in ta wuce wajen megahaz 200 sai lissafin ya cika ya zube. Akwai facin da ake yi wa fayil ɗin, na yi, ya tashi. Wing Commander na 1990 kuwa ya tashi lafiya, amma jiragen abokan gaba suna wucewa kamar walƙiya, kafin in juya an harbe ni. An gina shi ne a kan gudun 386, ba shi da birki. Mafitar tana BIOS: in ka kashe ma'ajiyar gaggawa ta cikin furosesa, wadda aka rubuta CPU Internal Cache, Pentium III ɗin nan tana faɗowa zuwa wajen gudun 386. Na kashe, jiragen suka dawo hankalinsu. Wato furosesar da na yi mako ina nema don ta ƙara gudu, ga ni ina ɗaure mata ƙafa da hannuna. In na manta ban mayar ba na shiga Windows, sai in ga tagogi suna zana kansu layi-layi.

Monita ma sai da na sauka. Mai faɗin da nake da ita tana baje hoton 320 da 200 har fuskoki su zama kamar an taka su, domin an zana wasannin ne don allo mai awon 4 da 3. Na samo tsohuwa mai wannan awon da ramin VGA, wadda take karɓar haz 70 na DOS ba gardama.

Kawu ya zo ya gan ta tana aiki. Ya leƙa kwalin da ke gefe, inda na tara sandunan ram huɗu, da faifan gigabayit 80, da katin intanet, ya ce, "Waɗannan fa?" Na ce su ne gyaran da na fara yi mata. Ya zauna ya karɓi kibod, na sa masa Quake. Ya yi ɗan wasa ya ce, "Ina kiɗan? Na san akwai kiɗa." Gaskiyarsa. Kiɗan Quake a kan faifan CD yake kamar na kowane faifan waƙa, kuma a DOS yana bi ne ta wata siririyar waya mai fil huɗu daga bayan na'urar CD zuwa katin sauti. Na haska cikin akwatin, ramin yana nan a katin, ramin yana nan a na'urar, tsakaninsu ba komai. Kawu ya ce yana jin ya taɓa ganin wata irinta a cikin durowarsa, zai duba.